Yadda ake haɗa wa sensocin gona sola da batir su daɗe ba su mutu ba

Wannan bayanin na wanda ya riga ya haɗa 'yar na'urarsa ne, tana auna damshin ƙasa ko zafi tana turo lamba ta iska, komai lafiya lau a kan tebur, amma da ya kai ta gona sai ta yi sati ɗaya ko biyu ta yi shiru. Ni ma haka na fara, a wata gonar tumatir ta noman rani a wajen Kadawa, na kafa guda shida, kafin sati biyu huɗu sun mutu, kuma abin da na fara yi shi ne abin da kowa yake yi wato na je na sayo fanel ɗin sola mafi girma. Bai yi maganin komai ba. Matsalar ba ta shigowar wuta ba ce, ta yadda ake cinye ta ce, musamman lokacin da na'urar take barci, don haka kusan rabin bayanin nan a kan rage ci yake kafin ma mu zo kan sola.

Kowace na'ura da ke cikin gona zan riƙa ce mata nod, babbar da ke karɓar saƙonsu duka kuma getwe.

Kayan da za ka tanada

Allon ESP32, wato 'yar kwamfutar da ke tafiyar da nod, in so samu ne mai rediyon LoRa (rediyo mai kai saƙo nesa da ƙaramar wuta) irin SX1276. Sensar damshin ƙasa, ka nemi irin wadda ba ta da ƙarfe a fili, domin mai ƙafa biyu ta ƙarfe tsatsa take cinye ta cikin 'yan makonni. Batir 18650 guda ɗaya da gidansa. Ƙaramin fanel mai bolt 6 wat 1. Allon caji, CN3065 ko CN3791, in babu TP4056 ma zai yi amma sai an taɓa shi, zan yi bayani. Regileta, wato mai daidaita boltej, mai ƙaramin ci irin MCP1700 ko HT7333. Rezisto biyu masu megohm 1, wani mai 10k, ƙaramin kafasito mai 100nF da babba mai 470 zuwa 1000µF. Sai mita wadda take iya auna maikro'amf, wato ɗaya cikin dubu na miliamf, wannan ita ce uwa uba, in mitarka ba ta da wajen µA to ka aro ta wani. Dalma da abin narka ta, gam ɗin silikon, farin akwatin roba irin na masu wayarin, da sanda ko bututun ƙarfe na kafawa.

1. Fara auna abin da nod ɗin yake ci

Kar ka yarda da abin da aka rubuta a takarda. An ce ESP32 in ya shiga barci mai nauyi wajen maikro'amf 10 yake ci, kuma gaskiya ne, amma wannan ɗan ƙwayar ne shi kaɗai, allon da ka sayo akwai wasu 'yan ci a kansa. Ka yanke wayar fositib ta batir ka saka mita a tsakani, ka duba lamba biyu, lokacin da yake a farke da lokacin da yake barci, sannan ka ƙirga sakan nawa yake yi a farke.

Akwai wani abu da yake rikita sababbi a nan. In ka sa mita a kan µA tun farko, nod ɗin ba zai ma tashi ba, zai ta kunna kansa yana mutuwa, saboda a wannan ma'aunin mitar kanta tana tare wuta. Dabarar ita ce ka ɗauko guntuwar waya ka haɗe bakunan mitar biyu, ka bari ya tashi ya gama aikinsa ya kwanta, sannan ka cire guntuwar wayar a hankali ka karanta.

Galibin allunan kasuwa za ka ga suna cin miliamf 5 zuwa 10 ko fiye a cikin barcin. Kar ka ce kaɗan ne.

2. Yi lissafin cin rana ɗaya

Ɗauki biro. A ce nod yana tashi duk minti 15, sau 96 ke nan a rana. Duk tashi yana yin sakan 3 yana cin wajen miliamf 60 in an haɗa da turawar LoRa. 3 sau 60 sau 96 ya ba ka 17,280, ka raba da 3,600, ka samu miliamf-awa 4.8 a rana. Wannan shi ne duk aikin da ka ajiye shi ya yi maka.

Yanzu barci. In yana cin miliamf 8, sau awa 24, 192 ke nan. Ka gani ko, aikin gaske bai kai 5 ba amma zaman banza ya cinye kusan 200, ninki arba'in. Batir mai miliamf-awa 2,500 zai kai ka kwana goma sha biyu, kusan daidai da abin da ya faru da ni. In kuwa ka sauke barcin ya koma maikro'amf 30, cin barcin bai kai 1 ba a rana, duka-duka wajen 5.5, a takarda wannan batirin zai haura shekara ko babu rana kwata-kwata. Toh a nan ne sola take zama 'yar ciko kawai.

In da WiFi kake turawa maimakon LoRa lissafin zai canza sosai, don kafin ya kama hanya yakan ɗauki sakanni da yawa kuma lokacin turawa yana fizgar sama da miliamf 200. Zai yiwu, amma ka rage yawan tashin.

3. Kori ɓarayin wuta daga kan allon

Su uku ne kusan kullum. Na farko 'yar jar fitilar nan da ke nuna akwai wuta, cire ta da dalma, babu mai kallonta a gona. Na biyu regileta AMS1117 da ke kan yawancin alluna, ita kaɗai tana shan wajen miliamf 5 ko ba a aikin komai, kuma tana buƙatar a ba ta sama da bolt 1 a kan abin da za ta fitar, ka ga batir mai 3.7 ba zai taɓa ba ta damar fitar da 3.3 tsaf ba. Cire ta ka sa MCP1700 wadda cinta bai kai maikro'amf 2 ba, sai dai ita kuma miliamf 250 ne iyakarta, shi ya sa za ka jingina mata babban kafasiton nan a kusa da ESP32 don ya tare fizgar lokacin turawa. Na uku ƙwayar USB da ake loda masa umarni ta cikinta, ita ma wani lokaci tana tsotsa. In hannunka bai saba da dalma ba kar ka wahalar da kanka, ka nemi allon da aka ƙera don batir tun asali, ko ka kai wa mai gyaran waya ya cire maka, minti biyar ne a wajensu.

Sai na huɗu wanda ba a kan allo yake ba, ita sensar kanta. Ta damshin ƙasa tana cin wajen miliamf 5, in ka haɗa ta kai tsaye da layin 3.3 to ko ESP32 ya yi barci ita idonta biyu. Ka ba ta wuta daga ƙafa ɗaya ta ESP32, ya kunna ta in ya tashi, ya ɗan jira kamar rabin sakan ta nutsu, ya karanta ya kashe. In sensar mai ci da yawa ce sai ka sa mata MOSFET a matsayin makunni. Rediyon LoRa shi ma sai ka ce masa ya kwanta a cikin umarninka kafin ESP32 ya yi barci, in ba haka ba zai zauna a shirye yana shan sama da miliamf 1.

Bayan kowane gyara ka sake aunawa. Ni sai na ga ƙasa da maikro'amf 50 nake wucewa gaba.

4. Zaɓen ma'ajiyar wuta

18650 shi ne mai sauƙin samu. In ya cika 4.2 ne, tsakiyarsa 3.7, kuma bai kamata ka bar shi ya sauka ƙasa da 3.0 ba. Duk wanda ka ga an rubuta masa miliamf-awa 6,800 ko 9,900 ƙarya ce tsagwaronta, na gaske ba sa wuce wajen 3,500, kuma in ka ɗaga na jabu za ka ji shi sakayau ba nauyi, na kirki yana kai giram 45 ko sama. Na taɓa sayen guda goma masu kyawun fenti, da na gwada babu wanda ya kai 600. Tun daga nan na fi yarda da waɗanda ake cirowa daga tsohon batirin laftof, ka caja su ka ajiye sati ɗaya, wanda ya riƙe sama da 4.1 ka ɗauka, wanda ya zube ka ware shi. Wanda fatarsa ta yage ko ya kumbura ko ka same shi ƙasa da bolt 2 kar ka ma gwada caja shi.

Babban abokin gabarsa a wajenmu zafi ne. Ƙa'idar cajin wannan batirin daga digiri 0 zuwa 45 ne, mu kuwa a watan Afrilu da Mayu inuwa ma tana haura 40, balle cikin akwatin da rana ta dafa tun safe, kuma lokacin da akwatin ya fi zafi shi ne daidai lokacin da fanel yake tura caji. Batir da ya cika maƙil yana zaune cikin zafi kullum shi ne yake saurin tsufa. Saboda haka in za ka iya samun batir irin LiFePO4 ka ɗauke shi, ya fi jure zafi, ya fi wuyar kamawa da wuta, yana zama a 3.2 ya cika a 3.6, har ma ana iya ba ESP32 kai tsaye ba regileta. Amma ka kiyaye, cajarsa daban ce, in ka sa masa TP4056 za ta kai shi 4.2 ta lalata shi, sai ka nemi irin TP5000 ka saita ta a ɓangarensa. Wani aibinsa kuma boltejinsa a kwance yake kusan har ya ƙare, da wuya ka gane saura nawa.

Akwai masu amfani da sufa-kafasito maimakon batir. Ba ya gajiya da caji kuma zafi bai cika damunsa kamar batir ba, amma abin da yake ɗauka kaɗan ne, mai farad 10 a bolt 2.7 bai kai ɗaya cikin ɗari na abin da 18650 yake riƙewa ba, sannan yana zubar da wutarsa da kansa. Ya dace da nod mai ƙaramin ci sosai wanda dare ɗaya kawai ake so ya tsallake. Mai koyo ya bar shi tukuna.

5. Fanel da allon caji

Fanel mai bolt 6 wat 1 yana ba da wajen miliamf 160 in rana ta take. A ƙasar Kano ana samun kimanin awa 5 ko fiye na cikakkiyar rana a matsakaici, amma kai kar ka yi lissafi da ranar da ta fi kyau, yi da mafi muni, wato kwanakin hazo na hunturu da ƙura ta rufe fanel, da kuma marka ta watan Agusta da za a kwana uku ba a ga rana sosai ba. Ni awa ɗaya kawai nake ɗauka, sannan in raba biyu saboda asara, ya zama miliamf-awa 80 a rana. In nod ɗinka 6 yake ci, ka ga ka ninka shi sau goma da ɗoriya, ya isa har ya yi yawa. In 200 yake ci kuwa, kullum a bashi kake.

CN3065 an yi ta ne don ƙananan fanel, tana rage jan wuta daidai da ƙarfin da fanel yake da shi a lokacin. CN3791 kuma tana riƙe fanel a boltejin da ya fi ba da ƙarfi, sai dai ka duba ka sayi wadda aka saita wa bolt 6, don akwai ta 9 da ta 12 kuma kamarsu ɗaya.

In TP4056 kawai ka samu, ga matsalarta. Daga kamfani an saita ta ta ja amf 1, fanel ɗinka kuwa 160 gare shi, sai ta shaƙe shi boltej ya faɗi cajin ya riƙa kamawa yana saki. Akwai ɗan rezisto mai 1.2k a kan allon, cire shi ka sa mai 10k, cajin zai dawo wajen miliamf 120 zuwa 130. Ka tabbata ka sayi mai ƙafa huɗu a wajen fita wato mai kariyar batir, ka haɗa nod a OUT, batir a B. Kuma kar ka kuskura ka jona mata fanel mai bolt 12, ba ta ɗaukar sama da 8, nan take za ta ƙone.

Wajen haɗawa batir ake fara sawa, fanel daga baya. Ka duba fositib da negetib sau biyu.

6. Koya wa nod ya san cikinsa

Wannan matakin shi ne ainihin sarrafa wutar, kuma shi ne mutane suka fi tsallakewa. Nod ya riƙa auna batirinsa da kansa yana daidaita aikinsa da abin da ya rage, kamar yadda mai gida yake rage awo in ya ga rumbu ya yi ƙasa kafin kaka.

Ka jera rezisto biyun masu megohm 1 daga fositib zuwa negetib, ka ɗauki tsakiyarsu ka kai ƙafar ESP32, ka sa ƙaramin kafasiton 100nF daga tsakiyar zuwa negetib don karatun ya tsaya. Mutane da yawa suna sa masu 100k, waɗannan su kaɗai za su riƙa shan maikro'amf 21 dare da rana, ka ga ka kori ɓarawo ta ƙofa ya dawo ta taga. Yi amfani da ƙafa daga 32 zuwa 39, sauran ba sa karatu in WiFi na aiki. Kuma ma'aunin ESP32 ba shi da daidaito sosai, ka gwada shi da mitarka ka gyara lambar a cikin umarni.

Ga yadda nake tsarawa da 18650. Sama da 3.9, tashi duk minti 15. Tsakanin 3.7 da 3.9, duk minti 30. Tsakanin 3.5 da 3.7, sau ɗaya a awa. Ƙasa da 3.5, ya tura saƙo ɗaya cewa yunwa yake ji, daga nan kar ya sake kunna rediyo ko sensa, ya tashi duk awa biyu ya leƙa batir kawai ya koma.

Abin lura, kar ka bari ya dawo aiki da zarar ya taɓa 3.5, sai ya kai 3.7. Dalili kuwa na gan shi da idona, batir ya ƙare da dare, gari ya waye rana ta ɗan tura masa, nod ya zabura ya kunna rediyo, boltej ya faɗi, ya mutu, ya sake tashi, haka zai wuni yana cinye duk abin da fanel ya kawo bai tura ko saƙo ɗaya ba. Shi ya sa auna batir ne zai zama abu na farko a umarninka, kafin ka taɓa rediyo, kuma a auna kafin turawa ba lokacin da ake turawa ba.

Wata dabarar kuma, ESP32 yana da 'yar ma'ajiyar RTC da ba ta gogewa a barci. Ya auna duk minti 15 ya ajiye a nan, ya tura guda huɗu a dunƙule sau ɗaya a awa. Damshin ƙasa ba ya canzawa cikin minti biyar ai, gaskiya ma ga mai ban ruwa sau ɗaya a awa ya wadatar. Ka tura lambobi zalla gajeru, kar ka tura dogon rubutu, kuma nod ɗin da ke kusa da getwe ba ya buƙatar ihu, ka rage masa ƙarfin turawa, don a ƙarshen ƙarfinsa SX1276 yana jan wajen miliamf 120. A kowane saƙo ka haɗa da boltejin batir, da shi za ka hango wanda zai mutu tun saura sati.

7. Tsarin su da yawa

In nod ɗinka sun wuce biyu uku, kar su riƙa turawa lokaci ɗaya, saƙonni za su yi karo a iska a yi asarar wuta a banza. Ka ƙara wa kowanne 'yan sakanni na kan-mai-uwa-da-wabi a lokacin barcinsa.

Za ka ji ana yabon tsarin da nod yake miƙa wa nod har saƙo ya isa. Yana da amfani in fili ya yi nisa, amma nauyin yana faɗawa kan waɗanda ke kusa da getwe, su ne suke ɗaukar kayan kowa kuma dole su riƙa zama a farke suna saurare, sauraron ma yana cin sama da miliamf 10, don haka su ne suke fara mutuwa, in sun mutu kuma duk na bayansu sun yanke. Ni dai kowa ya tura kai tsaye, a fili shimfiɗaɗɗe irin na gonakin rani LoRa tana kai kilomita biyu uku in ka ɗaga eriya. In dole sai an sa mai miƙawa, ba shi batir biyu ko uku a haɗe kai da kai, wato fositib da fositib, negetib da negetib, amma ka tabbata boltejinsu ɗaya kafin ka haɗe su, ka kuma ƙara masa fanel.

Getwe kuwa ba ya barci, lissafinsa daban. In yana cin wat 3, sau 24 wat-awa 72 ne a rana, sai ka nema masa fanel mai wat 30 zuwa 50 da batir mai bolt 12 da kwantirolar caji, in batirin dalma ne kar ka riƙa sauke shi ƙasa da rabi. In akwai ɗakin mai gadi ko wajen injin ban ruwa mai sola, nan ya fi.

8. Kafawa a gona

Fanel ya fuskanci kudu, ka ɗan karkata shi digiri 10 zuwa 15, kar ka kwantar da shi, ƙura da kashin tsuntsu za su zauna. Akwatin ya zama fari, ka maƙala shi a ƙarƙashin fanel ya sha inuwarsa, da ɗan tazara don iska ta ratsa. Duk waya ta shiga ta ƙasa, ka toshe da silikon, in ba haka ba ruwa da tururuwa za su shige, kuma tururuwa in ta yi gida a kan allo damshin da take kawowa shi kaɗai yana jawo zubar wuta. Ka tuna shuka tana girma, wurin da rana take dukan fanel yau, bayan wata biyu masara ko ciyawa ta rufe shi, kuma inuwar ganye ɗaya tana iya karya ƙarfin ƙaramin fanel gaba ɗaya. Wayar da ta gangara zuwa sensa ka zura ta cikin bututu saboda ɓera da akuya da fartanya. Sannan ka gaya wa masu aikin gonar ko mene ne, ka nuna musu ba ya cajin waya, wannan ya cece ni fiye da kwaɗo.

Kafin ka kai shi gona ka ajiye shi a kan rufin gida sati ɗaya, ka rufe fanel ɗin da kwali kwana uku kana kallon boltejin da yake turowa. Da safe kafin rana ta fito ne lambar take faɗa maka gaskiya, in ta asuba tana komawa inda take jiya to kun daidaita, in kullum tana ɗan yin ƙasa ka koma mataki na ɗaya da mitarka. Da hunturu kuma a riƙa goge fanel da tsumma mai ɗan damshi sau ɗaya a sati, da safe kafin ya ɗau zafi.